Laftof ɗina tana zafi kamar dutsen guga, kuma ta kunyata ni a tsakiyar kamu

Wannan saƙon wani ƙaninmu ne ya turo daga Gusau, na ɗan rage masa tsawo don ya zubo bayani kamar ruwan Agusta:

"Salam yaya. Ni DJ ne, shekarata uku ina yin bukukuwa. Laftof ɗina Beljiyam ce, Core i5 ƙarni na 6, RAM 8, kuma da Virtual DJ nake aiki. Tunda zafin nan ya shigo in na kunna ta sai tayi kamar minti arba'in lafiya lau, daga nan fanka ta fara ihu, sikirin ya fara ƙyafce-ƙyafce da wasu layuka kore da ruwan hoda, wani lokacin yayi baƙi ya dawo. Ranar Asabar a wajen kamu amarya ta fito fili ana cikin liƙi sai sauti ya fara in'ina, kafin in ankara ta mutu ɗif. Uwar biki ta riƙe min cikon kuɗina. Mai gyara na farko yace fomatin, an yi, bata daina ba. Na biyu yace girafik ne ya ƙone sai dai a gasa ko a canza bod. Abokina kuma yace in ci bashi in sayi MacBook in huta. Gashi nan da sati biyu ina da wani bikin har na karɓi kafin alƙalami. Dan Allah meye mafita?"

Wa alaikassalam ƙanina. Da farko dai sannu, wlh duk wanda ya taɓa tsayawa bayan miksa yasan wannan shirun da yake biyo bayan mutuwar sauti, shirun da zaka ji har ƙarar awarwaron ƙawayen amarya kana ji, kowa ya juyo yana kallonka kamar kai ka kashe NEPA ɗin garin gaba ɗaya. Nima ya taɓa samuna shekarun baya a wata dina, emsi ya rinƙa zuba barkwancin dole yana hararata ta gefen ido har ta dawo. To amma kada ka ci bashin nan tukuna, kuma dan Allah kada ka bari kowa ya ɗora wa bod ɗinka (babban allon cikin laftof da komai yake haɗe a kai) wuta, don a cikin wasiƙar taka ka riga ka faɗi abinda yafi komai muhimmanci baka lura ba, wato wannan minti arba'in ɗin.

Kaga kwamfutar da tayi minti arba'in garau sannan ta fara hauka, kuma in ta huce ta sake yin wani arba'in ɗin garau, to ba manhaja ce ta lalace ba, shi yasa fomatin, wato goge komai a sake zuba Windows, bai yi maka komai ba sai asarar kuɗi da data. Wani abu ne yake taruwa a hankali har ya kai inda bata iya ɗauka, kuma a laftof abinda yake taruwa haka zafi ne. Firosesan Intel irin naka, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, iyakarsa wajen digiri 100 ne, in ya kusa can sai ya rage gudun kansa da kansa don kada ya ƙone, to a lokacin ne zaka ji waƙa tana in'ina kuma hoton sautin nan da yake tafiya a sama ya fara tsalle-tsalle, don aikin da yake yi da gudu ya koma yinsa da rarrafe. In rage gudun bai wadatar ba sai ta kashe kanta baki ɗaya. Mutuwar da tayi maka a wajen kamu kenan a ganina, ceton ranta tayi, sai dai ta zaɓi mugun lokaci.

Maganar mai gyara na biyu kuwa, ka fara duba wani abu kafin ka yarda da ita. Ka danna dama a kan alamar Start ka shiga Device Manager ka buɗe Display adapters. Yawancin laftof ɗin ofis na ƙarni na 6 da ake kawowa Beljiyam abu ɗaya zaka gani a wurin, Intel HD Graphics 520, wato girafik ɗin da yake zana abinda kake gani a sikirin, kuma shi wannan ba wani guntu bane daban a kan bod da za'a ce ya ƙone shi kaɗai, a cikin firosesan yake, gidansu ɗaya, fanka ɗaya ce take fifita su, kuma ko RAM nashi na kansa bashi da shi, a cikin wannan 8 ɗin naka yake gutsura. Shi yasa in firosesa ya ɗau zafi girafik ma ya ɗauka. In ka ga suna biyu, ɗaya Intel ɗaya Nvidia ko AMD, to nan akwai guntun girafik daban, kuma gaskiya shi yana iya samun matsalar dalma wadda bata nunawa sai ya ɗau zafi, bazan ɓoye maka wannan ba. Amma ko a hakan ba'a farawa da gasa bod, wato hura masa iska mai zafi.

Abinda nakeso ka fara yi, yau ɗin nan in da hali, shine ka auna zafinta. Ka sauke HWMonitor ko Core Temp, kyauta ne kuma basu da nauyi, ka buɗe ka ajiye a gefe. Ka haɗa kayanka kaf yadda kake haɗawa a wajen biki, kwanturolar da kake haɗa waƙoƙi da ita da caja da komai, kuma da rana tsaka zaka yi wajen ƙarfe biyu zuwa huɗu, ba da daddare a gaban fanka ba, don mutane da yawa suna gwada kwamfuta a ɗaki mai sanyi suce ai ta warke sannan suje fili ta tona musu asiri. Ka kunna waƙoƙi kana haɗawa kamar gaske kana leƙa lambar duk bayan minti biyar kana rubutawa a takarda. Tana zaune bata komai ya kamata ka ganta tsakanin 40 da 55, a bakin aiki 70 zuwa 80 da ɗan wani abu babu damuwa, in kuwa ka ga tana hawa 95 ta nufi 100 kuma daidai lokacin layukan suka fito to magana ta ƙare, ka kama ɓarawonka da hannu. In layukan sun fito alhali tana 70, wannan wata maganar ce, zan zo kanta.

To me yake sa ta zafi haka? Ka tuna laftof ɗin nan anyi ta ne don wani ofis mai AC a Turai, masu ƙera laftof yawancinsu digiri 35 suke rubutawa a matsayin iyakar zafin wurin da za'a yi aiki da ita, Apple ma haka suka rubuta wa nasu, kai kuma kana kunna ta a ƙarƙashin kanofi a watan Afrilu lokacin da iskar garin kanta ta haura 40. Fanka bata da wani sanyi na ajiya, iskar da ta samu a wurin ita take turawa ciki. Sannan ga ƙura. Shekara uku kana yawo da ita filin biki, hunturu uku ta shaƙa, banda ƙurar da 'yan rawa suke tayarwa a gabanka. A bakin inda iska take fita akwai wasu siraran ƙarafa a jere kamar haƙoran mataji, to a bayansu ta ciki ƙura da zare suke taruwa su zama wani abu kamar auduga ko bargo, daga waje baka gani, fanka tana ta ihu amma iskar bata da hanya. Ka sa bayan hannunka a wurin lokacin da take ihun, in ƙara tayi yawa iska kuma 'yar kaɗan ce to bargon yana nan.

Wannan aikin sai an buɗe ta. In baka saba ba ka kai wa mai gyara amma ka zauna a gabansa ayi, ka faɗa masa abinda kakeso da bakinka: a cire batir tukuna, a ciro fanka, a cire wannan bargon da burushi, sannan a ɗaga ƙarfen jan nan mai kwance a kan firosesa a goge tsohon man da yake tsakaninsu a sa sabo. Man nan shine yake miƙa zafi daga firosesa zuwa ƙarfen, kuma na laftof ɗin da ta kusa shekara goma ya daɗe da bushewa ya koma kamar busasshen alli. Ka sayi mai kyau da kanka irin su Arctic MX-4 kaje da shi, kada ka yarda da wannan farin na cikin babban gwangwani da ake lakuta da sukundireba, kuma kaɗan ake sawa kamar ƙwayar wake ƙarama ko ƙasa da haka, ba'a shafa shi kamar bota a burodi. Wani abin kuma da nake gani ana yi yana ɓata min rai shine a ɗauko bulowa a hura ta waje fanka tana ta juyawa da gudun da ba'a yi ta dominsa ba, hakan yana kashe ta, kuma ƙurar ma ciki take ƙara shigewa. A riƙe fankar da yatsa in za'a hura. Tunda an riga an buɗe ku duba batir ma, in ya kumbura har yana ɗaga wurin da kake jan linzami da yatsa to a cire shi a canza, wannan ba abin wasa bane a cikin zafi da taron mata da yara.

In an yi duk wannan lambar bata sauka ba, sai a zargi shi ƙarfen jan. Bututu ne a rufe da ɗan ruwa a ciki, in ya huje ya gama aiki, alamarsa zaka ji gefen firosesa kamar wuta amma iskar da take fitowa da sanyinta. Ana samun na cire-cire a wurin masu kayan kwamfuta, in babu a Gusau duk mai zuwa Kano zai samo maka a Beirut Road ko Farm Centre, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na bod ba.

Sai yadda kake ajiye ta. Na san teburin DJ a bikinmu, masu ado sun shimfiɗa masa yadi mai sheƙi har da leshi don ya shiga hoto, kai kuma ka ɗora laftof a kai, ita kuma ta ƙasa take shan iska, ka toshe mata hanci kenan. Ka samu sitan na ƙarfe wanda zai ɗaga ta, in babu ko murfin lemo huɗu ka sa a kusurwoyi ya fi babu, kuma ka sayi 'yar fankar caji ka saita ta tana bugun gefen da take shan iska. Faifan nan mai fanka da ake ɗora laftof a kai yana ɗan taimakawa amma ba kamar yadda masu sayarwa suke zuzutawa ba, in cikin a toshe yake babu abinda zai yi. Kada rana ta taɓa ta ko ta minti goma ce, in inuwar kanofi ta gusa kaima ka gusa. Kuma dan girman Allah banda ƙanƙara, banda ledar fiya wata mai sanyi a ƙarƙashinta, na ga wanda yake yi, raɓar da take tsatsafowa ita zata ƙarasa bod ɗin da zafi bai ƙarasa ba. Kada ka ɗora ta kan sifika kuma, musamman in har yanzu ma'ajiya mai juyawa (hard disk) ce a ciki, girgizar bes kaɗai ta isa ta sa waƙa tsalle, in da hali ma ka mayar da ita SSD, ma'ajiyar da babu abinda yake juyawa a cikinta.

Yanzu bari muzo kan kayan da kake ɗora mata, don inaga anan rabin matsalar take. Tun 2020 Virtual DJ suka kawo wannan abin da ake kira stems, wanda yake raba waƙa nan take ya ware murya daban ganga daban bes daban, Serato ma suka kawo nasu a ƙarshen 2022. Abin yana da daɗi ba ƙarya, amma aiki ne mai nauyin gaske, an yi shi ne da tunanin kwamfutoci masu katin girafik na kirki, kai kuma i5 ɗinka irin na ofis kai biyu (core) gare shi kacal da suke raba aikin. In a kunne yake to duk waƙar da ka ɗora sai kwamfutar ta kama raba ta ko zaka yi amfani da rabon ko ba zaka yi ba, kuma a biki kai kasan yadda ake, wannan tazo tace a sa mata waccan, kafin ta kai rabi uwar ango ta aiko a canza, a minti biyar ka ɗora waƙa shida. Tunda an yi maka fomatin ma ina zargin sabon zubi aka saka maka wanda yafi tsohon naka nauyi. Ka shiga saitin ka rubuta stems a wurin bincike, ka kashe rabawar nan take ko ka mayar da ita sai waƙar da aka riga aka shirya, waɗanda kake son cire musu murya ka shirya su a gida da daddare ta ajiye. A wurin binciken dai ka rubuta skinFPS, wannan shine sau nawa fuskar manhajar take sabunta kanta a daƙiƙa, ka sauke shi zuwa 30 ko ƙasa, idonka zai ɗan ji bambanci amma kunnen mutane ba zai ji komai ba. Masu Serato nasu yana cikin Library + Display, akwai wurin rage yawan sabunta sikirin. Ka koma fuska mai sauƙi mai dek biyu, wato wurin ɗora waƙa biyu, ka bar waɗannan masu walƙiya da ake turawa a guruf.

Waƙoƙin da ka sauke sababbi ka bar ta ta tantance su tun a gida, wato ta lissafa gudunsu ta zana hotonsu, kada ka kwaso waƙa ɗari biyu a filash ka zuba a wajen biki ta kama wannan lissafin tana kuma kiɗa. In kana haɗa bidiyo zuwa talabijin ko majigi to ka sani wannan ma wani kayan ne, bidiyon 4K bashi da amfani a wurinka, ka tsaya a 720 ko 1080. Wi-Fi da Bluetooth a kashe, Chrome a rufe, wayoyin mutane da ake kawo maka caji a jikin laftof kace musu a'a ko da ƙanwar amarya ce. Sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka duba kafin ka buɗe manhajar kiɗa ko akwai abinda yake cin firosesa. In ka ga tana zaune amma wani abu da baka sani ba yana cin kashi 40 ko 50, to sai mu yi maganar da ba'a so. Ban ce taka ta bayan fage bace, amma nasan yadda ake zuba mana manhajoji a shago, kuma irin waɗannan fasassun da aka cire musu makullin biyan kuɗi sau da yawa suna zuwa da baƙo a ciki, har da masu haƙar kirifto da kwamfutarka kai kana shan zafi wani yana can yana tara kuɗi.

Akwai wata 'yar dabara da nake so sosai ga tsofaffin Intel. Ka shiga Control Panel, Power Options, ka bi har saitin ciki inda aka rubuta Maximum processor state, ka mayar da shi 99 maimakon 100, na caja da na batir duka. Wannan kashi ɗayan yana hana firosesa shiga gudun nan na ƙari da ake kira turbo, wanda shine yake haifar da mafi yawan zafin. Zata ɗan rage kuzari amma gara mai tafiya daidai awa biyar da mai tsere minti arba'in ya faɗi. Ka gwada ka ga lambar da idonka. In sauti yana ɗan ƙaraf-ƙaraf bayan haka sai ka ƙara bafa (buffer), wato ɗan sautin da take tanada kafin ya fita, a saitin sauti, daga 256 zuwa 512, kuma ka tabbata direban ASIO na kwanturolarka kake amfani da shi, direba shine 'yar manhajar da take sa Windows ta iya aiki da na'ura.

To in zafi ya sauka amma layukan basu tafi ba fa? Anan akwai gwaji masu sauƙi da basa cin ko sisi. Lokacin da layukan suka fito ka ɗauki hoton sikirin daga cikin kwamfutar da maɓallin PrtSc, ka tura wayarka ka duba. In hoton ya fito tas babu layi, to kwamfutar tana zana abu daidai, a hanya yake lalacewa, wato gilashin ne ko siririyar wayar nan da ta bi ta cikin maƙogwaron murfi. Ka ɗaga murfin ka sauke a hankali, in layukan suna canzawa ko suna ɓacewa a wani tsayin to wayar ce ta gaji da buɗe-rufe, gyaranta kuma ba tsada. Ka jona ta da talabijin ta HDMI, in talabijin lafiya lau sikirin ɗinka ne kawai yake zane, amsa ɗaya ce. In kuwa duka biyun suna yi sai mu koma kan direba ko RAM ko shi girafik ɗin. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga tun kafin Windows ta tashi, ka bar ta a can, musamman lokacin da take da ɗumi, in har a can ma akwai layuka to ba ruwan Windows, matsalar a jikin kayan cikin laftof ɗin take.

Shi kuma baƙin da kace yana yi ya dawo, wannan sananne ne. In girafik ya ƙame na daƙiƙa biyu Windows tana kashe direbansa ta sake tayar da shi, shine wannan ƙyaftawar. Zafi yana jawo shi, direba marar kyau ma yana jawo shi, kuma bayan fomatin a shago ba kowa yake damuwa ya saka direban da ya dace ba. Ka je shafin kamfanin laftof ɗinka ka sa lambar samfurinta ka sauke direban girafik nasu, ka goge tsohon da DDU, manhajar goge direban girafik, a cikin Safe Mode, wato yanayin da Windows take tashi da abubuwan dole kawai, sannan ka saka wannan. In suna biyu ka gani a Display adapters, ka shiga saitin Graphics na Windows ka zaɓa wa manhajar ɗaya ta tsaya a kai, ka gwada kowanne ka ga wanda ya fi zama lafiya. RAM kuma tunda na ce maka girafik ɗinka a cikinsa yake ci, in ya sassauta ko ya fara lalacewa zaka iya ganin zane a sikirin. A cire a goge haƙoransa a mayar, ka rubuta mdsched a Start ka bari ta gwada shi. In akwai rami na biyu a buɗe ka ƙara wani 8 irinsa, girafik ɗin Intel yana jin daɗin RAM guda biyu sosai. Ka kuma riƙe wannan a kai: Windows da Ctrl da Shift da B tare suna farfaɗo da girafik ba tare da ka kashe kwamfuta ba, zaka ji ɗan ƙara sikirin ya ƙyafta, amma ka fara gwadawa a gida waƙa tana tafiya don kasan halinsa.

Caja ma kada ka raina ta. Baka faɗa min ko ta asali bace, amma in irin mai sauƙin nan ce marar nauyi a hannu wadda take zafi har baka iya riƙewa, ko ƙarfinta bai kai wanda aka rubuta a ƙasan laftof ba, to tana iya sa sikirin rawa, wasu laftof ɗin ma in basu gane caja ba rage gudu suke yi. Ga janareta a wajen biki da aka jona masa amfilifaya da fitilu da firiza, duk bugun bes wuta tana sama da ƙasa. Gwajin mai sauƙi ne, in layukan sun fito zare caja ka gani. In batirinka ya mutu kuma, to ko ɗan numfashi janareta yayi zata mutu ɗif, ka ga wannan ma zai iya zama abinda ya faru ranar Asabar, shi yasa nake so ka auna maimakon mu zauna muna duba.

Gashin da ake cewa za'a yi, ana hura wa guntun iska mai zafi ne don dalmar ƙasansa ta sake kamawa. Wani lokacin tana tashi, sati biyu ko wata biyu, sannan ta koma kuma yawanci ta koma fiye da da, kuma baka san ranar ba. Ga wanda zai kwashe hotunansa ya jefar da ita babu laifi, ga wanda abincinsa yake kanta kuwa bana ba da shawara.

Abokinka mai MacBook kuma ka gaishe shi. Kwamfutoci ne masu kyau, sababbin masu M1 zuwa sama basa zafi sosai kuma suna ɗaukar wannan aikin, amma kuɗin da bashi zai baka ba wannan zai saya ba, tsohuwa zai saya, kuma a cikin tsofaffin akwai MacBook Pro na 2011 masu inci 15 da 17 da suka shahara da daidai wannan ciwon na layuka a sikirin har Apple ta buɗe shirin gyara su kyauta a 2015, har yau kuma suna yawo a kasuwa da kyan jiki. Sai kaje an sayar da kare an sayi biri ga bashi a wuya. In ta kama dole sai ka canza nan gaba, ko Windows ce ka nemi i5 ƙarni na 8 zuwa sama, daga nan ne irin na ofis suka koma kai huɗu, kuma su ne Windows 11 ta yarda da su tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025.

Bikin nan na sati biyu kuwa, duk abinda zaka yi ka gama shi a satin farko, ba'a fafe gora ranar tafiya. Sati na biyu na gwaji ne, awa huɗu a jere da rana, sau biyu aƙalla. Ka dakatar da sabuntawar Windows kafin ranar, kada ka saka sabon komai. Kuma ko ta nuna ta warke sarai, ka haɗa miks na minti talatin ka zuba a wayarka, ka jona wayar a wani layi na miksa tun kafin a fara, a yanayin jirgi don kada kira ya shigo ta sifika, ka saita ƙarar ka ajiye yatsa kusa. In ma akwai wanda zai ara maka laftof ta biyu ka ɗan bashi wani abu ya zauna kusa da kai, ya fi. Waƙar fitowar amarya da ta iyaye su zama na farko a wayar.

Ita kuma Hajiya uwar biki, ni a ganina kada ka tsaya jayayya kan cikon nan, a idonta ranar 'yarta ce aka ɓata kuma bata da ruwa da firosesa. Ka samu wani babba da take jin nauyinsa ya raka ka ka bata haƙuri, in ta bayar da wani abu ka karɓa in bata bayar ba ka barshi, don matan da suka zauna a wannan kamun su ne masu ɗaukar DJ na bukukuwan da ke tafe kuma labari a wurinsu baya kwana.

In ka auna ka turo min lambobin yadda ka rubuta su, da minti nawa layukan suka fito, da abinda ka gani a Display adapters, da hoton takardar jikin cajarka.